Dutsen da Na Raɗa wa Suna Ban Gwada Ba

Rikoto, Zuru.

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kin sauka Jos lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon gari, ya haɗa ki da mutanen kirki a makaranta. Na cusa wannan takarda a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zanen gado, don kada ki gan ta sai kin isa kin huta. Da zan iya faɗa miki da baki, da na faɗa. Sau uku na kira ki zaure a makon nan, sau ukun ina ɓigewa da zancen sanyin Jos da rigar sanyi. Wayar salula ta shigo gari, gaskiya ne, amma wannan ba maganar da za a yi a tsaye a rumfar mai waya ba ce.

Bayan haka, ba labarin gida zan ba ki ba, tunda jiya kika bar shi. Maganar da kika yi ran Lahadi ce ta hana ni sukuni. Muna cin tuwo bayan an taso daga sujada kika ce, "Baba, in na gama karatun duwatsun nan zan dawo in buɗe ramin Babana na Bena. Dukiyar da ya mutu a kanta ba za ta tabbata a ƙasa ba." Matata Lami ta ce Allah ya kai mu.

Rahila, babu dukiya a ramin nan. Na san haka tun kafin ƙasa ta rufta wa mahaifinki. Ki zauna ki karanta a hankali, zan faɗa miki yadda aka yi tun daga farko.

Kina da shekara goma sha ɗaya lokacin, saboda haka abin da kika riƙe na Ishaya ba shi da yawa. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara tara. Ni na shiga soja kamar yadda rabin samarin ƙasarmu ke yi, shi ya tsaya a gona. Shekara bakwai ya yi yana golmo, yana noma wa surukansa kafin a ba shi mahaifiyarki Saratu, bai taɓa fashin kwana ɗaya ba. Gonarsa tana gindin tsauni a ƙauyenku na wajen Bena, rumbunsa biyu ba sa rabuwa da dawa. Ba shi da yawan magana. In na yi magana kuwa, ko a gaban wa, sai ya ce, "To, Yaya." Tun muna yara haka yake.

Shekarar da na yi ritaya na dawo Rikoto, na dawo da gwiwa mai ciwo da kuma kai mai girma. A bariki in na buɗe baki mutum talatin ke ƙamewa. A gida ba wanda ke ƙamewa, sai zaman gindin mangwaro da jiran fansho. Cikin wannan hali ne wata rana da rani Ishaya ya sauka daga kan kabu-kabu da ƙulli a hannu. Ya ce yana gyaran gona garma ta tono masa wannan a gefen tsauni. Ya kwance tsumman. Dutse ne kamar dunƙulen hannu, rawaya, ruwan zuma, bayansa da ƙulu-ƙulu kamar bayan kwaɗo, inda ya fashe kuma santsi gare shi.

Ya ce, "Yaya, kai da ka zaga duniya, mene ne wannan?"

Ga iyakar sanin da nake da shi a ranar. Lokacin da aka ajiye mu a wani bariki kusa da Jos, na taɓa wucewa ta gaban wani shago na ga wani ɗan dutse rawaya a kan auduga cikin akwatin gilashi. Na tambaya aka ce tofas ne, mai kyansa yana sayen mota. Ban taɓa shi ba, ban ɗaga shi ba, kallo ɗaya na yi na wuce. Da wannan kallo ɗaya na dubi ƙanena na ce, "Tofas ne. Ishaya, Allah ya kashe ya ba mu."

Har yau ina ganin yadda fuskarsa ta washe. Bai tambaye ni yadda na sani ba.

Wannan shi ne kuskurena na fari. Launi kawai na gani na raɗa suna, alhali duwatsu masu ruwan rawaya sun fi a ƙirga. Ɗiyata, za ki dawo hutu da ɗan ilimi a kanki, mutanen ƙauye za su riƙa kawo miki duwatsu a tsumma suna kallon bakinki. A ranar ki tuna cewa "ban sani ba" magana ce ta mutunci. Ba ta rage wa kowa tsawo. Wanda ya yarda da ke ba zai bincika bayanki ba, saboda haka ke ce za ki bincika kafin ki buɗe baki.

Ishaya ne ya kawo shawarar mu nuna wa Malam Sanda. Ba lallai ki tuna shi ba. Wani tsoho ne Bakabe, mai sayar da duwatsun wuya da zobba da tazbaha a kasuwar Bena, ya fi shekara talatin a garin. Na yarda, ba don ina shakka ba, sai don ina so a tabbatar da maganata a gaban jama'a. Ran kasuwa muka same shi a kan buzunsa, da rigarsa mai faci a kafaɗa.

Ya ce, "Saja, zamna. Kawo shi in gani."

Ya goge dutsen a hannun riga, ya ɗan jiƙa shi da yawu, ya juya shi a tafin hannu. Sannan ya miƙo mini. "Dubi ƙyallinai da kyau. Mi kag gani? Awa na kwalba shike, ko awa na kakin zuma?"

Na duba. Ba ya walƙiya irin ta kwalba. Wani sheƙi ne mai laushi, kamar an shafa masa man kaɗe, kamar jikin kyandir. Na ce, "Kakin zuma."

"To ɗaga shi ga rana, ka sa yatsa ta baya."

Na ɗaga. Haske ya shiga bakin-bakinsa ya kama kamar zuma a cikin kwalba, amma ban ga yatsana ba, sai inuwarsa dishi-dishi. Ya karɓa, ya zaro wuƙar aljihu ya karce shi da ƙarfi. Wuƙar ta bar layi toka-toka, ya sa yatsa ya goge, layin ya tafi. Ƙarfen ne ya ci, dutsen bai ji komai ba. Ya jawo kwalbar lemo ya ja dutsen a jikinta, ya zana mata layi fari.

Na yi tsalle na ce, "Ka gani! Yana yanka kwalba!"

Ya yi murmushi. "Tauri kam akwai shi, ɗan ƙanƙara na. Amma ƙanƙarar bakin rafi ma tana yanka kwalba, ba wanda yas sai mota da ita."

Ya nemi izini ya ɗan fasa gefe da guduma. Ɓallin ya fita da lanƙwasa, da zobe-zobe a ciki kamar gindin kwalba in ya fashe, bakinsa da kaifi kamar aska. Ya ce tofas ba haka yake fashewa ba, a miƙe yake tsagewa sumul, kamar an yanka sabulu da zare. Ya ce tofas garau yake kamar ruwan rijiya, yana da ɓangarori kamar fensir, kuma in ka ɗauki mai girman wannan za ka ji ya danne maka hannu.

"Wanga dutsin tsakiya na," in ji shi. "Da irinai kakanninmu ka yin abin wuya na mata. Dutsi na mai kyau, ba ni rena shi, in an goge shi ana so. Amma kada wani shi bar gonatai saboda shi. In kuna so, ku kawo kaɗan in saye."

Wannan kalma ta ƙarshe ita kaɗai na riƙe. Na juya wajen Ishaya na ce da C'lela, yarenmu, don kada tsohon ya ji, "Ka ga halin 'yan kasuwar nan. Ya kushe kaya don ya saye a banza." Malam Sanda ya naɗe dutsen a tsummansa, ya miƙa wa Ishaya da hannu biyu, ya ce da C'lela mai kyau, "Allah ya tsare ku." Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta koma fushi. Na ja ƙanena muka tafi.

Kuskure na biyu ke nan. Mutumin nan bai ce in yarda da bakinsa ba. A hannuna ya sa dutsen, da idona na ga komai. Amma na dubi facin rigarsa, na dubi cewa ba yarenmu ɗaya ba, ba ɗakin ibadarmu ɗaya ba, na yanke cewa macuci ne. Gaskiyar magana ita ce ya faɗi abin da ba na so in ji. Ki kiyayi wannan, Rahila. In mutum ya faɗa miki abin da ya ɓata miki rai, kafin ki binciki zuciyarsa ki binciki maganarsa. In kina zarginsa, ki je wajen na biyu da na uku a ranar, kada ki jira wata shida kamar yadda na jira.

Muka fara haƙa. In na ce "muka" na yi ƙarya kaɗan. Ishaya ne a ciki da diga da kurfi, ni ina sama ina jan guga da igiya, ina fakewa da gwiwata. Jijiyar dutsen ta nutse cikin tsauni, muka bi ta. Ruwa ya sauka, mutane suka yi shuka, shi rabin gonarsa kawai ya shuka, don na ce masa wanda zai sayi mota ba ya damuwa da dawa. Kafin tsakiyar damina ramin ya fi tsayin mutum uku, ya kuma karkata ya shiga ƙarƙashin tsaunin, har sai da rarrafe ake shiga. Buhuna suka taru a bayan ɗakinku.

Wata rana ya fito ya zauna a bakin ramin. Can ya ce, "Yaya, ƙasar nan tana zufa. Ko mu sari itace mu tokare ta, ko mu bari sai kaka."

Na ce, "A bariki ba a ce wa aiki sai gobe. Saran itace mako guda zai ci mana."

Ya ce, "To, Yaya."

Mahaifiyarki ma ta same ni. Ta durƙusa kamar yadda ake yi wa wan miji, ta ce, "Yaya, dawa tana neman maimai, ciyawa ta fi ta tsawo. A ba ni shi ko kwana huɗu." Na ce mata maganar maza ce. Ta tashi ta ɗauki fartanya ta tafi gonar ita kaɗai.

Wannan na uku ne, kuma ki riƙe shi da kyau tunda aikinki zai haɗa ki da ramuka. Kada ki tura ɗan kowa ramin da ke ba za ki shiga ba. Wanda ke ciki ya fi wanda ke sama sanin halin ƙasa, ko da na saman ne mai takardar makaranta. In ya ce miki ƙasa tana zufa, ko tana zubo da tsakuwa, ko yana jin tana ƙara, a fito a lokacin, ba sai an cika guga ba. Kuma ki ji tsoron mutumin da ba ya yi miki musu. Duk nauyinsa a wuyanki yake.

Cikin watan Agusta na ɗauki rabin buhu na hau mota zuwa Jos, da kwat ɗina na zuwa coci. Aka nuna mini shagon wata dattijuwa da ta daɗe tana sayen duwatsu. Ta zuba kaɗan a faranti, ta sa wani ɗan madubi a ido ta duba. Ba ta yi minti biyu ba ta ce, "Baba, kalsidoni ne, rawaya. Daga ina?"

Na ce, "Tofas dai."

Ba ta yi gardama ba. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko tofas na gaske ta ajiye kusa da nawa. Rahila, ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Nata garau, ina hango zanen farantin ta cikinsa, ga ɓangarori a miƙe, ɗan ƙarami amma da nauyi. Ta ja shi a jikin nawa, ya karce shi. Ta ce nawa dangin farar ƙanƙara ne, wadda 'yan makaranta ke kira kwaz, sai dai ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, sun cure da juna har ido ba ya raba su, shi ya sa ba shi da ɓangarori, shi ya sa kuma yake sheƙin kakin zuma. Duk abin da tsohon Bena ya faɗa a kan buzu, shi ta maimaita a kan tebur. Ta ce masu yin abin wuya suna saye a buhu, amma daga Zuru kuɗin mota ma ba zai fita ba.

Na shiga shago uku bayan nata. Na ƙarshen ma dariya ya yi. Na bar buhun a bayan wata rumfa a tasha, na hau mota hannu wofi.

Ran Laraba na iso Rikoto. Ran Alhamis na tafi ƙauyenku, kuma Allah ya sani da niyyar faɗa na tafi. Duk hanya ina shirya maganar. Amma kafin in sauka daga babur labari ya zaga cewa Saja ya dawo daga Jos. Maƙwabta suka taru a ƙofar gida, har da waɗanda suka yi ta yi mana dariya a farko suka dawo suna roƙon a sa su a aikin. Ishaya ya taho daga rami da gudu, laka har ƙirji, yana haki.

"Yaya, me suka ce?"

Na dubi mutanen nan, ido ya fi ashirin. Na ji bakina yana cewa, "Sun ce a ƙaro samfur. Babban mai sayen ya yi tafiya."

Aka yi ta tafi. Na ce a raina ran Lahadi bayan sujada zan ja shi gefe, mu biyu, in faɗa masa. Kwana uku ne kawai, me zai faru cikin kwana uku? Saratu ta kawo abinci na kasa ci, na ce gajiyar mota ce, na koma Rikoto.

Ran Juma'a aka wuni ana ruwa. Ran Asabar da safe Ishaya ya shiga ramin. Kafin rana ta take wani maƙwabcinku ya iso gidana a kan babur, bai ko kashe injin ba ya ce, "Saja, tsauni ya zauna."

Mun tona da fartanya da kwano da hannu. Ke matan unguwa sun riƙe ki a cikin gida, shi ya sa ba ki ga wannan ba. Duk ƙauyen ya fito, mutanen kasuwar Bena ma suka zo da suka ji. Cikin masu kwashe ƙasa da kwando na ga Malam Sanda, tsoho da shi, ya naɗe riga yana ɗauka yana zubarwa. Sai bayan la'asar muka kai ga Ishaya. A durƙushe muka same shi, kurfi a hannu. A ranar ce na fara shiga ramin nan, na kuwa shiga da gwiwar da na ce ba ta iya shiga.

Wannan shi ne na huɗu, kuma ba shi da magani. Sauran ukun jahilci ne da girman kai. Wannan kuwa na sani sarai, na yi shiru don kada a yi mini dariyar yini ɗaya. Ɗiyata, mugun labari ba ya daɗi don an ajiye shi. In kin gane kin yi kuskure, kuma wani yana tafiya a kan kuskuren, ki tsayar da shi a inda kika gan shi, ko a tsakiyar kasuwa ne, ko a gaban maƙiyanki. Kunya ba ta kisa. Da na ce, "Ishaya, na yi kuskure, tsohon nan ya yi gaskiya," da an yi dariya mako guda, da yanzu shi ne ya raka ki tasha.

Bayan an yi jana'iza na sa aka cike ramin. Na roƙi mahaifiyarki ta ba ni ke ki yi makaranta a Zuru, ta ba ni. Mutane suka yi ta yabona. A coci an taɓa tsayar da ni a matsayin misalin ɗan'uwa nagari, na tsaya kuwa, na sunkuyar da kai, aka ɗauka tawali'u ne. Labari ya bazu cewa akwai tofas a ƙarƙashin tsaunin, Ishaya ya kusa kai wa ga uwar dutsen ƙasa ta hana. Ban taɓa faɗar haka ba, amma ban taɓa ƙaryatawa ba. Na bar ki kika girma da shi, don na ga yana sa ki ɗaga kai in an ambaci mahaifinki, ni kuma yana rufa mini asiri. Shekara bakwai ke nan. Wannan ne kuskure na biyar, kuma shi ne na yi ta maimaitawa kowace safiya.

Shekara guda bayan rasuwar na koma wajen Malam Sanda na ba shi haƙuri. Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya matsa mini a buzu ya ce, "Zamna, Saja. Wanda yat tahi ya tahi." Daga nan duk ran kasuwar da na samu hali nakan je in zauna kusa da shi ina kallon yadda yake duba duwatsu, har Allah ya yi masa rasuwa bara waccan. Kin sha tambayata me nake zuwa yi Bena ba na sayen komai. To abin da nake yi ke nan. Ban san me nake nema ba. Wataƙila so nake in san abin da ya kamata in sani tun farko, ko da ya zo a makare.

Ga ɗan abin da na tsinta, ki haɗa da na malamanku. In aka kawo miki dutse rawaya, ki fara wanke shi, ki duba shi da rana, ba da fitila ba. Ki dubi sheƙinsa kafin launinsa. In na kakin zuma ne, haske yana shiga amma ba a gani ta cikinsa, wuƙa ba ta kama shi, yana zana kwalba, yana fashewa da lanƙwasa, to kina kusa da kalsidoni. Ki sa shi a kunci, za ki ji sanyi, kuma ba ya saurin ɗaukar ɗumin jiki. Na roba da ake kawowa daga birni ɗumi gare shi, ba nauyi, allura mai zafi tana shigarsa. Na kwalba kuwa in kin duba da kyau za ki ga 'yan kumfa a ciki. Akwai wani rawaya mai kama da shi ƙwarai, har sheƙin, amma wuƙa tana cinsa kamar alli, in aka ɗiga masa ruwan batir sai ya yi ta tafasa. Wannan dangin farar ƙasa ne. Wanda haske ba ya shiga ko ta bakin-bakinsa, shi ma ɗan gidan kalsidoni ne amma sunansa daban. Wanda yake garau kamar kwalba da tsini a kai, shi ma daban. Kuma ki lura da rini. Malam ya nuna mini wani da aka dafa a rini, launin ya yi kauri a cikin tsaguwa, ya yi fari-fari a sauran jiki, ya yi rawaya fiye da kima kamar alawar yara. Na Allah launinsa a kwance yake, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske kamar gajimare. Kada gwaji ɗaya ya ishe ki. Ni gwaji ɗaya na kama, na kwalba, na watsar da huɗu.

Cikin safar da ke aljihun jakarki na naɗe miki guntu ɗaya daga ramin. Kada ki yarda da maganata, ni da na riga na nuna miki ko ni wane ne. Ki gwada shi da hannunki, ki kai wa malamanku su faɗa miki. Kuma kada ki tsani dutsen. Bai yi wa kowa ƙarya ba. Abin wuya ake yi da shi, mai kyau kuwa.

Saura abu ɗaya. Ran Alhamis da ta wuce, da na ce muku zan je gaisuwar mara lafiya, wajen mahaifiyarki na je. Na ga bai kamata ki ji abin da ita ba ta ji ba. Na same ta da hantsi a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ba ni kujera, na ƙi, na zauna a ƙasa. Na faɗa mata duka, tun daga shagon dattijuwar nan har ƙaryar da na yi a ƙofar gidanta. Hannunta bai tsaya ba. Ta ɓare ta jefa a kwano, ta ɓare ta jefa, har na gama.

Sannan ta ce, "Na sani, Yaya."

Na ce, "Wa ya faɗa miki?"

Ta ce, "Shi. Ran Juma'ar nan da ake ruwa muna zaune a ɗaki ya ce mini, 'Yaya bai ci abinci ba, kuma bai dube ni a ido ba. Dutsen nan ba komai ba ne, tsohon kasuwa ya yi gaskiya.' Na ce to ka bar ramin mana. Ya ce, 'In na daina yau, duk ƙauye za su gane, su yi wa Yaya dariya. Bari in ɗan shiga kwana biyu, sai mu ce ruwa ne ya kore mu.'"

Rahila, na je yaƙi, na ga abubuwan da ba zan rubuta miki ba, amma ban taɓa jin ƙasa ta juya da ni kamar a tsakar gidan nan ba. Ni na yi shiru don in tsare girmana. Shi ya shiga ramin don ya tsare mini shi.

Na ce, "Saratu, shekara bakwai, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Ba nawa ba ne in faɗa. Jira nake ka zo da ƙafarka." Ta ture kwanon gefe, sai a lokacin ta dube ni. "Ka faɗa wa yarinyar da kanka. Wannan kam ba zan ɗauke maka ba."

To na faɗa. Ba zan roƙe ki gafara a takarda ba, don takarda ba ta da ido. In kin zo hutu kika ga ba za ki iya sauka a Rikoto ba, ki wuce Bena kai tsaye wajen mahaifiyarki, ba wanda zai ga laifinki, kuma duk abin da karatunki ke bukata ba zai tsaya ba saboda haka. In kuma kin sauka, za ki same ni a zaure, ki tambaye ni duk abin da kike so, zan amsa ina kallon idonki. Abin da nake so ki riƙe game da mahaifinki shi ne, ba kwaɗayi ya kai shi ramin nan ba, ba kuma wauta ba. Ya fi ni gani, ya fi ni zuciya.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki a aji da ɗakin kwana, a kan tsauni da bakin rami, ya tsare waɗanda wata rana za su yi aiki a ƙarƙashinki. Ya ba ki ido mai gani da bakin da ba ya jinkirin gaskiya. Ya ji ƙan Ishaya, ya ji ƙan tsohon da ya gaya mana gaskiya muka ƙi ji. Lami tana gaishe ki, ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba tukuna, yau zan faɗa mata.

Ki huta lafiya.

Ni ne wan mahaifinki,
Bawa,
babanki, in har kin bar mini sunan.